Ƙarar Salansar A-kori-kura: Yadda Waya Ke Gano Inda Matsalar Take

Duk wanda ke zaune a bakin titin Sakkwato a Samaru ya san ƙarar a-kori-kura da asuba, musamman idan an loda mata buhunan masara daga Giwa za ta shiga Sabon Gari. Tsohuwar Peugeot 504 ce irin wadda PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, ko Hilux 'yar Kwatano, ƙarar takan riga motar isowa. Yawancin direbobi sun ɗauka tsufa ne kawai. Sau da yawa kuwa ɓula ce ƙarama, ko wani abu da aka cire daga cikin salansar.

Ba damun maƙwabta kaɗai ba ne matsalar. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin zuwa rabi. Direban da ke wuni a cikin mota mai rugugi, kunnensa ne ke biyan kuɗin a hankali. Mafi haɗari shi ne ɓular da ke ƙarƙashin kujerar direba, domin hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kawo ciwon kai da gyangyaɗi a kan sitiyari. Ta fuskar doka ma, hukumar NESREA na da ƙa'idojin hana ƙara tun 2009.

Kafin a je wurin mai walda, a fara da waya. Akwai manhajojin auna ƙara kyauta, kamar Decibel X, ko NIOSH Sound Level Meter ga masu iPhone. A riƙe wayar rabin mita daga bakin salansa, a gefe kaɗan, kada hayaƙi ya busa makirfon kai tsaye. A auna injin yana salo, sannan a taka totur zuwa wani adadi, a ce 2,500, a ɗauki hoton allo. Makirfon waya ba na'urar gwaji ba ce, kuma Tecno da Samsung za su iya ba da lambobi daban-daban a wuri guda. Amfaninta shi ne kwatanta kafin gyara da bayansa, da waya ɗaya, a wuri ɗaya. Idan lambar ta sauka da desibel 10, kunne zai ji kamar ƙarar ta ragu da rabi.

Irin ƙarar ma tana faɗin inda ciwon yake. Ƙas-ƙas da ake ji da safe, ta lafa idan inji ya yi zafi, yawanci daga wuyan salansa ne inda ya haɗu da inji: ko gaskit ya ƙone ko ƙarfen ya tsage. Kwaram-kwaram a kan tudun rage gudu kuma robar da ke rataye salansar ce ta tsinke, ko faifan kare zafi ya kwance. Baƙin gawayi a jikin bututu alamar ɓula ce. A shafa ruwan sabulu inji na sanyi, a tayar, kumfa zai nuna wurin.

Sai batun indomi, sunan da makanikai suka laƙaba wa matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, irin su filatinam da faladiyam, shi ya sa ake fasa ta a sayar, wani lokaci tun motar ba ta iso hannun mai ita ba. Motar da aka kwashe wa indomi takan yi amo kamar gwangwani, ga warin hayaƙi. Zancen cewa cire ta na ƙara gudu, ga motar da aikinta ɗaukar kaya ne daga PZ zuwa Kwangila, bai taka kara ya karya ba.

Mafi wuyar sha'ani shi ne rugugin nan mai cika kai, wanda ke zuwa a wani gudu na musamman, misali a miƙe a kan hanyar Shika, ya ɓace idan an ƙara wuta ko an rage. Wannan ba ɓula ba ce. Injin silinda 4 yana fashewa sau 2 a kowane juyi, don haka a juyi 3,000 a minti yana fitar da amo mai bugu 100 a daƙiƙa. Idan bugun ya dace da tsawon bututun da girman ɗakin motar, sai komai ya ɗauki amsa-kuwwa. Manhajar Spectroid ta Android na nuna lambar bugun a allo. Yaron mota ne zai riƙe wayar, ba direba ba.

Da wannan lambar mai walda zai iya haɗa wani guntun bututu toshasshe a gefen salansar. Amon na shiga ciki ya dawo a juye, ya kashe ɗan'uwansa. Lissafin tsawonsa: gudun sauti, kusan mita 343 a daƙiƙa, a raba da ninki huɗu na bugun. Ga bugu 100, santimita 86 ke nan, amma da yake sauti ya fi gudu a iska mai zafi, gara a yanka shi da ɗan tsawo, a yi masa murfi mai zamewa har a dace. Wanda bai son wannan wahalar, ya sa ƙaramar tukunya ta biyu a tsakiyar bututun, ko ya nemo salansar asali ta Kwatano a wurin masu kayan gyara na Sabon Gari.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne cusa soson ƙarfe a tukunyar salansa, ko matse bakinta. Ƙarar za ta lafa na 'yan kwanaki, amma hayaƙi ya rasa hanyar fita, mota ta rasa ƙarfi a hawa, ta kuma ƙara shan mai. Bayan kowane gyara, a sake aunawa a inda aka auna da farko, tun kafin a biya kuɗin aiki.