Filin da talaka ke tambaya, minista na amsawa

Ranar Alhamis da dare, idan jama'a sun taso daga aiki a ƙasar Ingila, gidan talabijin na BBC yakan buɗe wani fili mai suna Question Time, ma'ana lokacin tambaya. An soma shi ranar 25 ga watan Satumba 1979, kuma har yanzu bai tsaya ba. Mun ga ya dace mu kawo maku labarinsa, ƴan kasuwa maza da mata, domin a cikinsa mai ƙaramar sana'a yake samun damar tsayar da minista ya tambaye shi ido da ido.

Ga yadda abin yake tafiya. Ana zaunar da baƙi, galibi biyar, bisa tebur guda: na jam'iyya mai mulki, na adawa, sai wani ɗan jarida ko masani ko mai dukiya. A gabansu jama'ar gari ne zaune, waɗanda aka zaɓo domin a samu magoya bayan kowane ɓangare. Su ne ke rubuto tambayoyi, kuma baƙin ba su ganin tambayar kafin a karanta ta. Filin ba ya zama a babban birni kaɗai, yawo yake yi gari gari kamar ɗan cin kasuwa. Cikin shekarun nan duka mutum huɗu ne suka riƙe shi dindindin: Robin Day har 1989, Peter Sissons har 1993, David Dimbleby daga 1994 zuwa 2018, sai wata mace, Fiona Bruce, tun farkon 2019.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mata. A shekara ta 2005, lokacin yaƙin neman zaɓe, wata mata ta gaya wa faraminista Tony Blair cewa dokar da gwamnatinsa ta kafa, ta a ga likita cikin awa 48, ta koma wahala. Likitoci sun daina ba mutane ranar zuwa idan ta wuce kwana biyu, domin takardunsu su yi kyau a idon hukuma. Blair ya amsa a gaban duniya cewa bai san haka ake yi ba. Abin da ke rubuce a ofis daban, abin da maras lafiya ke gani a bakin ƙofa daban.

A watan Oktoba 2015 kuma, wata uwar yara mai sana'ar gyaran farce a cikin gidanta ta fuskanci minista Amber Rudd tana kuka. Ta ce ita ta jefa wa jam'iyyarsu ƙuri'a, ga shi yanzu za a rage tallafin da ake ba masu ƙaramin ƙarfi, alhali da ƙyar take biyan kuɗin haya. Hoton ya zagaya ƙasar. Majalisar dattawa ta taka wa shirin birki a ƙarshen watan, kuma a Nuwamba ministan kuɗi George Osborne ya janye shi. Ba hawayenta kaɗai suka yi aikin ba, amma sun sa kowa ya ga mutumin da dokar za ta taɓa.

Haka a 2017, wata ma'aikaciyar jinya ta ce wa faraminista Theresa May albashinta bai motsa ba tun 2009. May ta amsa cewa babu wata itaciyar tsafi da ake girgizawa kuɗi su zubo. Wannan magana ta bi ta har ranar zaɓe, inda jam'iyyarta ta rasa rinjayen da take da shi a majalisa.

To amma filin yana da nasa aibi. Kwana biyu bayan harin 11 ga Satumba 2001, wasu cikin ƴan kallo sun yi wa tsohon jakadan Amurka, Philip Lader, ca har ya kusa hawaye, sai da shugaban BBC ya nemi gafara. A Oktoba 2009 an gayyaci Nick Griffin, shugaban wata jam'iyya mai ƙyamar baƙi. Mutane kusan miliyan 8 suka kalla, masu zanga-zanga suka cika ƙofar gidan, ana gardama ko ya dace a ba irinsa makirfo. Har gobe akwai masu kukan cewa ihu ya fi hujja yawa, da masu zargin yadda ake zaɓen waɗanda ke shiga zauren.

Mu nan ba baƙi ba ne ga muhawara. Manyanmu suna tune da 1991, lokacin babban taron ƙasa a Yamai, yadda rediyo ke manne da kunne a kowace rumfa. Sai dai a yawancin mahawarorin da muke kallo a tele, ƴan boko ne ke tambayar ƴan boko da Faransanci, ita kuwa mai sayar da tumatir tana kallo daga nesa.

Matan nan uku ba su je da dogon turanci ba. Kowace ta je da lissafinta, nawa take samu, nawa take biya, tun yaushe. Ke da kike biyan kuɗin rumfa da patanti, kai da ka san abin da buhun shinkafa ke ci daga duwan zuwa shago, wannan lissafi yana hannunku. Ranar da gidan rediyo ko tele ya buɗe layi, ko magajin gari ya kira taro, ku je da shi a rubuce, ku yi tambaya guda ɗaya, ku jira amsa.