Kumurci: Bos ɗin da ya koya mana Hausar titi

A gidanmu da ke Tompkinsville, kusa da titin Victory Boulevard, akwai wata jakar Ghana-must-go cike da tsofaffin faya-fayan finafinan Hausa. Mama ta ajiye su ne don kada Hausa ta kuɓuce mana, tana fatan mu ɗauki ladabin jarumi. Mu kuwa bakin bos muka ɗauka, wato Shu'aibu Lawan, wanda kowa ya fi sani da Kumurci.

Ga waɗanda Hausarsu ta fara tsatsa, kumurci wani maciji ne mai mugun dafi. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ya yi tashe a farkon shekarun 2000, lokacin da finafinan Kano suka cika da soyayya, waƙa da rawa irin ta Indiya. Dama masu kallo sun saba da mugu na gaske tun zamanin silima: Amjad Khan a Sholay (1975), Amrish Puri a Mr. India (1987). Amma waɗancan mugaye ne na nesa. Kumurci ɗan daba yake fitowa, irin wanda duk mutumin Kano ya taɓa cin karo da shi a lungu, da ɗaure fuska, da tafiyar isa, da maganar da ba a gama ta sai an haɗa da barazana.

A ganina aikinsa ya fi na jarumi wuya. Jarumi ya yi murmushi, ya bi waƙa da baki, shi ke nan. In bos bai ba ka tsoro ba, fim ɗin ya mutu, auren da za a ɗaura a ƙarshe ma ba ya daɗi. Kuma ladan aikin shi ne mutane su tsane ka. Ko a falonmu na ji wata gwaggo tana rantsuwa cewa mai irin wannan idon ba wasa yake ba, halinsa ne.

Ita wannan gwaggon ce kuma ta ba ni labarin 2003. A shekarar Kumurci ya auri jaruma Balaraba Muhammad, sai ta rasu a hatsarin mota a hanyar Kaduna zuwa Kano, ana cikin kai ta gidansa. Gwaggo ta ce ranar da labarin ya iso nan, har kuka ta yi masa. Allah Ya jiƙan Balaraba.

Yanzu a YouTube ƙannenmu ke kallon Daddy Hikima yana fitowa a Abale cikin A Duniya, su ma suna kwaikwayon muryarsa a jirgin ruwan Manhattan. Ni dai da na je Kano hutu na buɗe baki a gaban kawuna, kallona ya yi ya ce, “Wai a Amurkar ma akwai daba ne?”