Bizar Karatu da Lissafin Kwanaki

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Ingila, ko ɗan unguwar Nasarawa ne a Birnin Kebbi ko ɗan Argungu, yakan tarar cewa biza, wato izinin shiga wata ƙasa, aba ce mai cin lokaci. Hukumomin Birtaniya suna karɓar takardun nema tun watanni 6 kafin fara karatu, kuma sukan ba da amsa cikin makonni 3, amma wajibi ne kuɗin makaranta da na guzuri su yi kwana 28 a jere a banki. Abin damuwa shi ne gwajin tarin fuka da ɗaukar hoton yatsu, waɗanda kan tilasta doguwar tafiya zuwa Abuja ko Legas, tafiyar da iyaye da dama ba sa sawa cikin lissafi.