Bayanin Tsohuwar Bindigar Iska Mai Sifirin da Masu Tara Ta

Bayan haka, masu karatu su sani a Ingila da Jamus da Amurka akwai waɗansu mutane da suka mai da tara tsofaffin bindigogin iska abin sha'awarsu, kamar yadda wani ke tara littattafan rubutun hannu, wani kuwa dawaki. Suna bin wuraren gwanjo, suna tambayar magada abin da tsohonsu ya bari a jingine bayan ƙofa. Su sayi bindigar da aka ƙera tun ba a haifi iyayensu ba, su gyara ta, sa'an nan su fita da ita su yi harbin bara. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Amma waɗanda suka daɗe cikin wannan sha'ani sun haɗu a kan magana guda, watau wannan bindiga ba ta son ƙarfi, ko wajen gyara ko wajen harbi. Da yawa daga cikin waɗanda suka lalace sun tsira daga tsufa da tsatsa, sai hannun mai son su ya ƙarasa su.

Fasali na farko: yadda take aiki

Bindigar toka da maharba suka sani albarushi ke tura harsashinta. Ita wannan ba ta cin albarushi ko kaɗan. Wanda ya taɓa buɗe famfon keke ya ga rabin sirrinta. A bayan bututunta akwai wani kurtu na ƙarfe, cikinsa akwai fistin mai hular fata a ka, bayan fistin ɗin kuma akwai sifirin, watau naɗaɗɗen ƙarfe mai tauri. In za a ɗana ta, sai a karya ta a tsakiya a ja bututun ƙasa, ko kuwa a ja wani mariƙi da ke kwance ƙarƙashin bututun. Jan nan shi ke matse sifirin ɗin, har kunama ta kama fistin ta riƙe. Da an taɓa kunama sai sifirin ya miƙe da gudu, fistin ya matse iskar da ke gabansa, iskar ta kutsa ta wani ɗan rami ta buga harsashi ya fita.

Harsashin na dalma ne, ɗan ƙarami, mai siririn ƙugu kamar kalangu. Gindinsa rarake ne, saboda iska ta buɗa shi ya toshe bututu sarai. Cikin bututun kuma akwai tsaga a murɗe, ita ke sa harsashi ya tafi yana juyi, ya miƙe kan hanya. Awo biyu suka fi yawa: .177, watau milimita 4.5, nauyinsa kimanin rabin giram, da .22, watau milimita 5.5, nauyinsa kimanin giram guda.

Fasali na biyu: asalinta da maƙeranta

Birnin Barmingham na Ingila garin maƙeran bindiga ne tun da daɗewa. A 1861 waɗansu daga cikinsu suka haɗa kai suka kafa kamfanin BSA, wanda tambarinsa bindigogi uku ne a jingine da juna. Fatake sun san sunan ta wata hanya, gama kamfanin ya ƙera kekuna da babura, kafin ya sayar da sashen kekunansa ga Raleigh a 1957.

Cikin yaƙin da Ingila ta yi da Buwa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, an ga sojan Ingila ba su kai abokan gabansu iya harbi ba. Bayan yaƙin sai manya suka riƙa kwaɗaitar da talakawa su koyi bara. Ma'aikatan masana'antu ba su da kuɗin albarushi, ba su da fili, saboda haka suka koma ga bindigar iska. A Barmingham da kewayenta suka riƙa yin gasa cikin ɗakunan hira, suna harbin wani faifan ƙarfe daga nisan yadi 6. A tsakiyar faifan akwai ɗan rami, bayansa akwai ƙararrawa. Wanda harsashinsa ya shiga ramin sai ƙararrawa ta buga, kowa ya ji, babu gardama.

Cikin wannan zamani ne wani maƙeri mai suna Lincoln Jeffries ya tsara bindiga wadda bututunta ba ya karyewa. Da mariƙin ƙasa ake ɗana ta, harsashi kuwa ana jefa shi cikin wani abu mai juyawa kamar kan famfon ruwa. BSA ya fara ƙera ta a 1905, aka ci gaba da irinta har yaƙi ya tsai da aikin a 1939. Ita ce uwa ga masu tarawa na Ingila. Bayan yaƙi BSA ya fito da Airsporter a 1948, da Meteor a 1959.

A Jamus kuwa akwai Diana, wanda aka kafa a garin Rastatt a 1890. Da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwashe injunan wannan kamfani, har suka faɗa hannun kamfanin Milbro na ƙasar Sikotilan, tare da sunan. Da Jamusawa suka sake tashi, sai ya zama ba su da ikon sayar da kayansu a Ingila da sunansu na gado, suka riƙa buga musu Original, har farkon shekarun 1980. Saboda haka bindiga biyu na iya ɗaukar suna Diana, alhali ɗaya ƙirar Sikotilan ce, ɗaya ta Jamus, kuɗinsu kuma ba ɗaya ba ne. Har wa yau a Jamus, kamfanin Weihrauch ya fito da HW35 a 1951, aka shafe fiye da shekara 70 ana ƙera ta.

Fasali na uku: abin da mai saye zai duba

Ciniki a nan ya saɓa wa abin da 'yan kasuwa suka saba. A kasuwar kwanuka ko ta kekuna, abin da ya fi ƙyalli shi ya fi kuɗi. A wajen masu tarawa kuwa, bindigar da ta dushe da hannun mutane, baƙin rininta na asali yana nan ko da ya koɗe, ta fi wadda aka kankare aka sake rinawa daraja. Dalili kuwa, waɗansu bindigogin BSA na tsakanin yaƙoƙin duniya biyu rubutunsu ba a buga shi da zurfi ba, zane ne marar kauri a kan kurtun. Wanda ya sa takardar yashi don ya kori tsatsa, sai ya kori rubutun tare da ita, ya bar ƙarfe marar suna. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Abin da gwanaye ke yi bai wuce shafa mai da tsumma mai laushi ba, a hankali, kwana bayan kwana.

Mai saye zai fara duba lamba da tambari, gama da lambar ake gane shekarar ƙira, kuma da yawa daga na Diana an buga musu wata da shekara a jiki. Sa'an nan ya dubi kawunan kusoshi, in sun ciccije to wani ya sha buɗe ta da abin da bai dace ba. Ya dubi ƙotar katako wajen wuyanta, nan take tsagewa. Ya ɗaga bututu wajen haske ya ga ko tsagar ciki tana nan, ko kuwa yara sun cinye ta da harba ƙusa da tsakuwa. Ya kwantar da idonsa tare da bututun ya ga ko ya tanƙware sama, gama wannan alama ce an taɓa sakin kunama bindiga tana a karye. Ya tabbata abin saiti na baya na asali ne, domin sau da yawa shi ke fara ɓata, samunsa kuma da wuya. Daga ƙarshe ya ɗana ta ya saurara. In ya ji ƙarar goga ko ƙaras-ƙaras, to sifirin ya karye a ciki. Karyayyen sifirin ba babban aibi ba ne, ana samun sabo, amma dalili ne na ragi.

Fasali na huɗu: fata da mai

Hular fistin ta tsofaffin bindigogi fata ce, irin wadda dukawa suka sani. In ta bushe iska na zurarewa, ƙarfi ya ragu. In aka jiƙa ta da 'yan ɗigo na man da ake tausasa fata da shi, sai ta kumbura ta dawo. Sau da yawa bindigar da aka ɗauka ta mutu ƙishirwa kawai take ji.

Amma akwai haɗari a nan. Kowa ya san famfon keke yana ɗumi in ana bugawa. A cikin bindiga matsin ya fi haka nesa, kuma cikin ƙiftawar ido yake aukuwa, har zafin ya isa ya kunna mai, kamar yadda injin dizal na babbar mota ke tashi ba tare da tartsatsi ba. Wani Bature mai suna Cardew da ɗansa sun gwada harba irin wannan bindiga cikin iskar naitirojin wadda wuta ba ta ci a cikinta, suka ga ƙarfinta ya faɗi ƙwarai, suka buga bincikensu a littafi a 1976. Watau ɗan ƙunar mai kaɗan yana cikin aikinta na kullum. Amma wanda ya tsiyaya mata man keken ɗinki ko man inji da yawa, sai ta yi ƙara kamar bindigar toka, hayaƙi ya fito, fata ta ƙone, sifirin ya karye. Haka kuma ba a harba ta babu harsashi, gama harsashin ne ke tare iska ta zama matashi ga fistin, in babu shi ƙarfe ne zai daki ƙarfe. Ba a kuma ajiye ta a ɗane. Wanda bai san aikin ba kada ya kwance bayanta, domin sifirin yana nan a matse ko ba a ɗana ba, yana iya fitowa ya fasa fuska.

Harsashi ma sai an zaɓa. Bututun tsofaffin .22 na Ingila ya ɗan fi na Jamus faɗi, kimanin milimita 5.6, saboda haka harsashin zamani na iya yi masa sako-sako. Masu abin sukan gwada iri-iri har su sami wanda bindigar ta yarda da shi.

Fasali na biyar: harbi

Nan ne maharbin da ya saba da bindigar albarushi yake jin kunya. Shi an koya masa ya danna ƙota a kafaɗa ya riƙe gam. Ita kuwa mai sifirin, sa'ad da fistin ya zabura gaba sai jikinta ya ja baya, da fistin ya ci karo da matsattsiyar iska sai ta koma gaba. Duk wannan motsi yana aukuwa harsashi bai bar bututu ba tukuna. In an riƙe ta da ƙarfi yau, gobe da sassauci, harsashi ba zai faɗi wuri ɗaya ba. Saboda haka gwanaye ke ɗora ta a kan buɗaɗɗen tafin hannu, wuri guda kullum, su bar ta ta yi motsinta. Ba su ɗora ta a kan dutse ko katako. Suna jan kunama sannu, su ci gaba da kallon bara bayan harsashi ya tafi. Misalinta misalin alƙalamin kara ne, wanda ya danna shi da ƙarfi sai bakinsa ya buɗe tawada ta ɓata allo.

Wannan motsi na gaba da baya yana kuma lalata madubin hange in ba a yi shi dominta ba. Don haka masu tsofaffin bindigogi suka fi son saitin ƙarfe na asali, a nisan yadi 10 zuwa 25. Jamusawa na kamfanin Feinwerkbau sun yi dabara a shekarun 1960, suka sa ƙarfen bindiga yana zamewa a kan ƙota don kada motsin ya isa ga maharbi, irin waɗannan suka daɗe suna cin gasa. An shigar da harbin bindigar iska na mita 10 cikin wasannin Olamfik a 1984.

Fasali na shida: doka da tsaro

Kada ƙanƙantar harsashi ta ruɗi kowa. Yana fasa ido, yana huda fata, ya kuma taɓa kashe mutane. Saboda haka Ingila ta sa iyaka a 1969, bindigar da ƙarfinta ya wuce abin da suke kira ƙafa-laba 12, kimanin jul 16, sai da lasin. Sikotilan ta ƙara tsanantawa, tun ƙarshen 2016 kowace bindigar iska sai da takardar izini. A Jamus iyakar jul 7.5 ce, ana buga wa wadda ba ta wuce haka ba harafin F cikin zane mai kusurwa biyar. Kowace ƙasa da dokarta, falken da ya ga irin wannan kaya a hanya ya fara tambayar hukuma kafin ya taya.

Mai harbi ya sa tudun ƙasa ko buhun yashi bayan bara, gama dalma na dawowa in ta bugi abu mai tauri. Sa'ad da yake sa harsashi ya riƙe bututu da hannu ɗaya, domin tsofaffin ba su da abin da zai hana shi rufewa a kan yatsa. Kada ya sa harsashi a baki, dalma guba ce, ya wanke hannu bayan ya gama. Malamai sun sani shari'a ta hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, ta kuma hana mai da abu mai rai wurin gwada bara. Takarda da gwangwani sun isa. In an gama a goge ta da tsumma mai ɗan mai, a rataye ta inda danshi da yara ba su kai ba. Wadda aka riƙe haka, jika zai same ta tana harbi kamar yadda kaka ya bar ta. Allah ya kiyaye. Wasalam.