Ɗantata, Kofa, Doguwa: Yadda Laƙabi Ke Zama Sunan Gida

Bahaushe bai saba gadon suna ba. Yaro na da sunan yanka, a haɗa masa da na mahaifi. Kafin a kai kan jika, sunan kaka ya shige. Shi ya sa Ɗantata ya fita daban: fiye da shekara 100 ke nan yana bin zuriya ɗaya.

A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin fataken Agalawa. Bayan rasuwar mahaifinsa Abdullahi, mahaifiyarsa ta tafi ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Sai aka riƙa ce wa yaron ɗan Tata. Da talaka ne, da laƙabin ya bi shi kabari a 1955. Amma fataucin goro, da gyadar da kasuwarta ta buɗe bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, sun mai da sunan jari. 'Ya'yansa Sanusi da Aminu suka riƙe shi, don da shi ake buɗe musu ƙofa.

Sauran jama'a kuwa ta makarantar boko abin ya zo musu. Aji cike da su Muhammadu da Abubakar, malami ya rasa yadda zai bambanta su, sai ya liƙa wa kowa sunan garinsu. Siyasa ta zo ta ga amfani. 'Yan siyasa irin su Alhassan Ado Doguwa da Abdulmumin Jibrin Kofa, wanda Kofarsa ke cikin ƙaramar hukumar Bebeji, ba sa buƙatar dogon bayani a fasta: sunan kaɗai ya ce wa mai zaɓe ɗan gida ne.

Sai dai gari ba dangi ba ne. Mutum biyu na iya amsa Kiru alhali ko kakanninsu ba su san juna ba.

Yanzu fom ne ke tura mutane. NIN, BVN, fasfo da JAMB duk suna neman sunan gida tsayayye. Wa ya rubuta sunan uba, ƙane na kaka, autansu na gari. Ranar da takardun mutum suka saɓa wa juna, banki kan tsai da asusunsa, sai ya yi rantsuwa a kotu, ya biya jarida ta buga sanarwar gyaran suna.