Hanyar Alaska: Ciwon Yana Ƙarƙashin Kwalta

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wata irin mota da ake ƙerawa musamman domin yawon shaƙatawa, wadda in an ce gida ce mai taya ba a yi ƙarya ba. A cikinta akwai gado da murhu da firji da tankin ruwa, har da makewayi. Wasu da injinsu, wasu kuwa tirela ce ake ja. Da yawa daga masu su dattawa ne da suka yi ritaya, babban burinsu kuwa shi ne su bi Hanyar Alaska ko da sau ɗaya a rayuwa.

Wannan hanya ta tashi daga garin Dawson Creek na Kanada, ta ratsa lardin Yukon, ta ƙare a Delta Junction cikin jihar Alaska, kilomita 2,200 da 'yan kai, watau kusan tafiyar Ikko zuwa Kano sau biyu. Sojojin Amurka ne suka sare ta cikin wata takwas a shekarar 1942, saboda tsoron harin Japan, sa'an nan aka buɗe wa jama'a ita a 1948.

To, amma matafiyi ba ya sanin abin da ya taro sai ya wuce ƙauyen Destruction Bay. Daga nan zuwa iyakar Alaska, fiye da kilomita 200, hanyar ta bi ta kan ƙasa mai ƙanƙara a cikinta, wadda ta shekara dubbai ba ta narke ba. Da aka kawar da ciyayin da ke lulluɓe da ita, aka shimfiɗa baƙar kwalta mai shan zafin rana, sai ƙanƙarar ta soma narkewa, ɗumamar yanayi kuma ta ƙara iza wuta. Nan ya lotsa, can ya kumbura, har titin ya zama kamar kunyoyin gona. Ma'aikata sukan kafa 'yan tutoci a bakin hanya don gargaɗi, su cike ramin, baɗi ya dawo, domin kuwa ciwon ba a sama yake ba.

Ƙaramar mota takan yi tsalle ta wuce abinta. Gida mai taya fa? Ga nauyi, ga tsawo, ga gindi da ya zarce ƙafafun baya nesa. In direba ya afka wa tudun nan da gudu, sai sifirin ya karye, ko ƙugiyar tirela ta lanƙwashe, kwanuka da kofuna su watse a ciki. Inda ake gyara kuma tsakuwa ce ke fasa gilashi. Garejin bakanike yana iya zama tafiyar sa'o'i, kuɗin janwe kuwa ba a magana. Saboda haka tsofaffin hannu kan rage gudu ƙwarai, su riƙe tayar safaya fiye da ɗaya. Mai gaggawa dai ba nan ne wurinsa ba.

Abin bai tsaya kan masu yawo kaɗai ba. Ƙauyuka irin su Beaver Creek da baƙin lokacin zafi suke samun na shekara: mai gidan mai, da mai abinci, da mai filin kwanan motoci. Duk wanda labarin hanyar ya sa ya fasa tafiya, cinikinsu ne ya tafi.

Wa zai biya gyara? Wannan yanki a ƙasar Kanada yake, amma akasarin masu bin sa Amurkawa ne. Don haka a 1977 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar Shakwak: Amurka ta biya kuɗin sake gini, Kanada ta riƙa kula da hanyar. Daga baya kuɗin Amurka ya yanke, aka bar Yukon, mai mutane ƙalilan, da kayan da ya fi ƙarfinta, wanda a ganinmu ba adalci ba ne. Sai a 2024 gwamnatocin Alaska da Yukon suka sake sa hannu kan shirin gyara tare.

Injiniyoyi kuwa sun juya dabara. A kusa da Beaver Creek sun gwada binne bututu masu fitar da zafi daga ƙarƙashin titi, da shimfiɗa mai hasken launi, duk don ƙasar ta ci gaba da zama a daskare.