LeBron James da Mutanen Akron

Birnin Akron, wanda ke jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, a da ya shahara da ƙera tayoyin mota, har kamfanoni irin su Goodyear da Firestone suka yi masa suna a duniya. Amma da zamani ya juya, masana'antun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, talauci ya yi wa unguwanni katutu, to a cikin wannan hali ne aka haifi LeBron James a 1984, mahaifiyarsa tana 'yar shekara 16.

Allah ya hore wa yaron baiwar ƙwallon kwando, sai ƙungiyar Cleveland, maƙwabciyar Akron, ta ɗauke shi a 2003. Da ya yi ƙaura zuwa Miami a 2010, waɗansu har ƙone rigunan da ke ɗauke da sunansa suka yi, domin a ganinsu ya ci amanar jama'ar da ta rene shi, ko da yake, a gaskiya, wannan hukunci ya yi tsanani. Ya komo a 2014, kuma a 2016 ya ciyo wa birnin Cleveland kofin da ya shekara 52 bai ga irinsa ba.

Amma alherin da ya fi girma shi ne makarantar I Promise, wadda ya taimaka aka buɗe a Akron a 2018 saboda yaran da karatu ya yi wa nauyi, kasancewar shi kansa ya taɓa rasa kwana 83 na makaranta yana aji huɗu. A nawa ra'ayi, wannan makaranta ta fi kofin daraja.